Tansy a Cikin Tumakin Raine

Lorna Heslop ta tsayar da mota a bakin gonar Alec Raine, ta kashe fitilu, ta ɗan zauna tana jin iska tana jijjiga ƙofofin. Babu wata, babu tauraro. Irin daren farautar zomo da mahaifinta Wilf ya daɗe yana jira ke nan, ko da yake shi ba inda zai taka. Ƙurar ramin kwal ta gama da huhunsa, daga kujera zuwa banɗaki ma sai ya huta a hanya.

A bayan motar, karyarta Tansy tana ta lasar gilashi. Ruwa biyu ce, uwarta karyar tsere, ubanta karen kiwon tumaki, ta fito doguwa siririya, launin toka. Shekararta ɗaya da 'yan watanni. Duk tsawon bazara, in Lorna ta taso daga aikinta na gidan kula da tsofaffi, sai ta fita da ita filin bayan gida, ta jefa mata tsohuwar safa da aka naɗe da fatar zomo, ta koya mata kawowa har hannu, ta koya mata tsallake katanga, ta bi da ita ta cikin garke har ta daina ɗaga kai ta kalli tunkiya. Wilf yana bakin taga da bargo a gwiwa, yana gyara musu cikin haki.

Da za ta fito ɗazu ya ce, "Kada ki sake ta a kan zomon da ke kusa da shinge. Nemi wanda ya lafe a tsakiyar fili. In ya kuɓuce, kashe fitila, ita za ta dawo. In ta kama ɗaya ku taho gida. Ɗaya na ce, ba buhu ba."

"Na ji, Baba. Tun jiya kake faɗa."

"Ke da karyar ban san wadda ta fi taurin kai ba. Ita dai tana da uzuri."

Raine ya yarda ta yi farauta a filinsa na gangare, saboda zomaye sun addabi ciyawarsa. Amma ya gaya mata tumakinsa masu ciki suna filin tudu, bayan katangar duwatsu, kuma kwanan baya wani kare daga ƙauye ya yayyaga masa biyu. Ya ce duk karen da ya gani a cikinsu, ba zai tsaya tambayar mai shi ba.

Ta rataya batirin fitilar farauta a kafaɗa, ta riƙe fitilar da hannun dama, igiyar zarge a hagu. Suka shiga filin suna fuskantar iska don kada zomaye su ji ƙanshinsu. Ta kunna, ta share filin da haske a hankali. Jajayen idanu suka bayyana nan da can, wasu suka ruga, wasu suka tsaya.

Na farkon da ta sake ta a kansa ya riga ta kaiwa shinge. Lorna ta kashe fitilar, ta tsaya cikin duhu. Can sai ta ji hanci mai sanyi ya taɓa mata hannu. Ta shafa kanta, ta mayar mata da igiya.

Na biyun yana can tsakiyar fili, ya lafe a ciyawa, kunnuwansa a kwance. Ta ajiye hasken a kansa, suka matsa a hankali. Tansy ta gan shi, jikinta ya ɗauki rawa har Lorna tana ji ta cikin igiyar. Zomon ya zabura, ta saki.

Ba ta taɓa ganin karyar tana gudu haka ba. Zomon ya karya hagu, Tansy ta wuce shi, ta juyo tana watsa laka, ta sake ɗora masa. Maimakon ya nufi shinge sai ya miƙe tudu. Lorna ta bi su da haske, ta manta da komai sai tazarar da ke raguwa tsakaninsu. Sai da hasken ya sauka a kan katangar ta ga wurin da duwatsu suka rufta, an toshe da waya mai ƙaya. Zomon ya bi ta ƙasa. Tansy ta bi shi.

Sannan ta kashe fitilar. Ta yi fito, iska ta kwashe shi ta yi baya da shi. Ta sake yi. Daga bayan katangar ta ji ƙasa tana ɗaukar ƙarar kofatai, garke guda yana gudu wuri ɗaya, tumakin suna kuka.

Can saman tudu wata fitila ta kama, injin babur ɗin Raine mai ƙafa huɗu ya tashi.

Ta ruga, batirin yana dukan haƙarƙarinta. Ta haye katangar a duhu, dutse ya yanke mata tafin hannu, ta dira ɗaya gefen a kan gwiwa. Babur ɗin ya tsaya, fitilarsa tana yawo a filin. Lorna ta san in ta haska neman Tansy, ta nuna masa inda zai harba. In kuma ta zauna a duhu, bai san da mutum a wurin ba. Ta juya fitilar ta haska ƙirjinta da fuskarta, ta ɗaga murya.

"Alec, ni ce, Lorna. 'Yar Wilf. Kada ka harba."

Haskensa ya wuce ta, ya bi ta kan tumakin da suka cure a kusurwa, ya dawo ya tsaya. Tansy tana tsaye a tsakiyar filin, tana kallon hasken, da wani abu fari-fari a bakinta.

Lorna ta ga inuwarsa ya sauko daga babur ɗin, ta ga doguwar bindigar ta hau kafaɗarsa. Ba ta yi shawara da zuciyarta ba, ƙafafunta suka kai ta tsakaninsu.

"Matsa daga nan, yarinya," in ji Raine.

"Zomo ne a bakinta."

"Daga inda kike kin gani?"

Ba ta gani ba. Farin zai iya zama cikin zomo, zai iya zama ulun tunkiya.

"Bari in kira ta. In ulu ne, ka yi abin da za ka yi."

"Na ce ki matsa."

Ta ba shi baya, ta durƙusa, ta miƙa hannu kamar yadda take yi a filin bayan gida. Ta gwada fito, ya ƙi fita. Ta kira sunan a hankali. Tansy ta dubi tumakin. Lorna ta ji 'yar ƙarar ɗana bindiga a bayanta, ba ta waiwaya ba. Ta sake kira.

Karyar ta taho, tana ɗingisa ƙafar gaba, kanta a sunkuye. Ta iso ta ajiye mata zomon a hannu, da ransa, yana harbin iska. Lorna ta kama ƙafafunsa na baya ta karya masa wuya. Sai a karo na biyu ta iya.

Raine ya ƙaraso. Dattijo ne gajere, da rigar ruwa a kan kayan barci. Ya buɗe bindigar daga gindi ya rataya a hannu, ya kama bakin Tansy ya buɗe, ya haska haƙoranta, ya sa yatsa ya laluba. Gashin zomo kawai ya fito da shi.

"Ubanki bai gaya miki a kashe fitila kafin katanga ba?"

"Ya gaya mini."

"To ke ya kamata a ɗaure da igiyar." Ya juya ya haska garken, yana motsa leɓe yana ƙirga su. "Ɗaya ba ta nan. Zo da fitilarki."

Suka same ta a cikin kwatar ruwa ta gefen filin, ta faɗa rigingine, cikinta ya yi mata nauyi ta kasa juyawa, ruwa yana kai mata wuya. Suka shiga har gwiwa, shi ya kama ulun kafaɗa, ita ta kama na baya, suka ja har tunkiyar ta hau gaɓa. Ta tsaya tana tangaɗi, sannan ta lallaɓa ta nufi 'yan'uwanta. Raine ya daɗe yana bin ta da haske.

"Kada in sake ganinku a nan sai sun gama haihuwa," ya ce. "Kuma ki duba ƙirjin karyarki, jini take yi."

Wayar ta farke fatar daga kafaɗa zuwa ƙasan ƙirji. Lorna ta ɗaure wurin da mayafin wuyanta, ta sungumi karyar ta gangara da ita har mota.

Wilf yana zaune inda ta bar shi. Ya dubi zomon, ya dubi lakar da ke jikinta, ya sa ta ɗora Tansy a kan tebur. Ya ɗaga fatar da yatsunsa yana duba zurfin raunin, ita kuwa tana ba shi labari, ba ta rage komai ba.

"Kin shiga gaban bindigar Alec Raine," ya ce. "Mutumin da ko ƙofar rumbu ba ya iya samu da harbi da rana tsaka." Ya yi tari mai tsawo, ya goge ido. "Wannan ya wuce ruwan gishiri. Kira likitan dabbobi, tashe shi."

An ɗinke Tansy kafin gari ya waye. Tunkiyar ta haifi biyu da sanyi ya ja baya, ɗaya bai zo da rai ba. Raine da kansa ya gaya wa Lorna a bakin shagon ƙauye, ba tare da ya tsaya ba. Ta bi shi har mota ta tambaye shi ko faɗuwar ce ta jawo. Ya ce ba wanda zai iya sani, ya ce in tana da hutu ranar Asabar ta zo ta kama masa su gyara katangar.