Takalma Huɗu Babu Alli

Wata bakwai ke nan direban katafila yana zaune shi kaɗai a bakin fadamar da kamfani ya ba shi aikin haƙa mata magudanar ruwa. Ɗakinsa kwantena ce, daga gado sai risho sai kofi biyu, na biyun ma sai ya yi ƙura kafin a sha da shi. Mai kawo mai yakan zo ran Litinin, ko injin motarsa ba ya kashewa. Sauran kwanakin kuwa daga kwaɗi sai sauro. Matarsa ta rasu bara waccan, 'yarsa tana aure can nesa, waya kuma sai ya hau rufin katafila ya ɗaga hannu sama kafin ta kama.

Abin dariya abin tausayi, ba ya yin baƙo sai in katafila ta nutse. Sau biyar tana lumewa cikin laka har ciki, sau biyar ana turo bakaniken kamfani da babbar motar ja. Bakaniken nan bakinsa ba ya hutawa. Tun daga nesa yake ƙwala ihu, "Sarkin Laka! Ka sake kai ta wanka?" Su yi kwana biyu suna fama, suna tsiya, suna shan shayi. Direba ba zai faɗa wa kowa ba, amma duk ranar da ta nutse ransa fes yake.

Da kamfani ya gaji, sai ya aiko bakanike da takalma masu faɗi, wato farantan ƙarfen da ake ɗaura wa sarƙar da katafila ke tafiya a kai. Sababbin sun fi tsofaffin faɗi da tafin hannu biyu.

"Ka taɓa ganin agwagwa ta kafe a taɓo?" in ji bakanike. "Faɗin ƙafa ne kawai. Yau za mu mai da 'yar taka agwagwa."

Kwana uku suka yi a kai. Direba ya dafa bokitin haƙa a ƙasa ya ɗaga gefe guda, ya riƙa juya sarƙa a hankali, in bakanike ya ɗaga hannu ya tsaya. A kwance noti huɗu, a cire tsohon takalmi, su biyu su cicciɓi sabo su aza. Takalmi arba'in da tara kowane gefe, ba wasa ba. Duk wanda bakanike ya ɗaure tam da doguwar sifana, sai ya ja masa layi da alli. Hira kuwa ba ta yanke ba, daga rigimar surukar bakanike zuwa hawan jininsa, zuwa ɗansa da ya ƙi gareji wai shi ɗinki yake so. Direba ya yi dariya har haƙarƙarinsa ya yi tsami.

A rana ta uku, ana dab da gamawa, sifana ta suɓuce ta fasa wa bakanike yatsa. Suka shiga kwantena, direba ya ɗaure masa, ya dafa shayi. Da suka fito, bakanike ya ɗauka an gama, ya hau tattara kaya.

Direba ya zagaya gefen hagu da tsumma a hannu, sai ya gani. Takalma huɗu na ƙarshe babu alli. Da hannu kawai aka murza notinsu.

Ya san sarai abin da zai biyo baya. Mako guda su saki, takalmi ya karkace, aiki ya tsaya. To wa za a turo? Ba wanda zai ji rauni, ba wanda zai ce laifinsa ne. Shiru kawai zai yi, shiru kuwa ai ya ƙware, wata bakwai yana koyo. Kaɗaici ya ishe shi har wuya. Wallahi sai da ya juya baya ya je ya taya lodin kaya.

Bakanike ya shiga mota ya tayar. A nan direba ya tuna sunan da za a kira a ofis. Mutumin da ya shekara talatin ba a taɓa cewa ya bar noti a sake ba, shi za a tsayar gaban yaran injiniyoyi a wanke tas.

Direba ya buga murfin motar da tafin hannu. "Sauko, malam. Allinka bai kai ƙarshe ba."

Bakanike ya je ya duba, ya riƙe baki. "Innalillahi! Tsufa ya zo." Ya ɗauko sifana, da yatsan nan mai bandeji ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, ya ja layi huɗu. Sannan ya dafa kafaɗar direba yana murna.

"Allah ya saka da alheri, Sarkin Laka. Ka hutar da ni! Da sai na sake jawo ƙafa zuwa dajin nan. Yanzu kam ni da nan sai a labari."

"Haka ne," in ji direba.

Da motar ta ɓace, ya hau katafila ya nufi daidai wurin da ta fi nutsewa. Ya kai tsakiya ya tsaya, ya jira. Ya murza ta hagu, ya murza ta dama, har da gangan ya ɗan jijjiga ta. Ko gezau. Tana zaune daram a kan laka, aiki ya yi kyau babu makusa.

Ya koma kwantena ya wanke kofunan biyu. Ɗaya ya ajiye kusa da risho, ɗayan ya naɗe da tsumma ya tura can ƙasan akwati.