Turai da Rakodar Babanta

Shekarar da sanƙarau ya ratsa Zoza, gida huɗu aka yi zaman makoki a layin su Sauda. 'Yarta Turai, mai shekara biyu da rabi, ta yi kwana goma sha ɗaya a kwance wuya a sandare, sannan ta tashi. Mutane suka yi ta shigowa barka, Sauda tana amsawa tana kallon yarinyar.

Mijinta Shitu direban motar shanu ne, yana lodi daga Karaye da Rogo zuwa kudu. A can ya sayo rakoda mai lasifika biyu da kaset uku na waƙoƙin Amurka. A jikin kwalin guda akwai Bature mai gemu da faffaɗar malafa, rungume da jita, muryarsa kamar daga cikin rijiya take fitowa. Shitu ba ya jin ko kalma ɗaya, amma yana bi da hanci.

"Bafulatanin Amurka ne, Goggo," yake ce wa ƙanwar mahaifinsa da ke zaune tare da su. "Shanunsa yake wa waƙa."

"Shi ya sa yake kuka kamar bajimin da aka raba da garke," in ji Goggo. "Kashe mana, la'asar ta yi."

Kafin ciwon, da jitar ta fara Turai za ta sheƙo daga ko'ina take, tana juya ɗuwawu tana tafi a karkace. Bayan ciwon ta daina zuwa. Sai idan idonta ya faɗa kan rakodar sannan ta matso, ta manna kuncinta a jikin lasifika, ta rufe ido ta yi tsit.

"Kin gani ko?" Shitu ya ce yana dariya. "'Yar babanta ce. Yanzu ma ta fi son waƙar."

Sauda ba ta yi dariya ba. Ta lura waƙa mai kaurin murya kaɗai yarinyar ke mannewa, wadda take sa kwanon sha ya yi rawa a kan tebur. Idan wata mace mai siririyar murya a kaset ɗin ta karɓa, sai Turai ta janye fuska ta bugi rakodar kamar ta mutu. Ga kalmominta suna ta narkewa. "Ruwa" ya koma "uwa", daga baya ya koma nuni da yatsa. Sau uku Sauda ta ƙwala mata kira daga madafa, ba ta waiwayo ba.

"Taurin kai ne irin na masu tashi daga jinya," Goggo ta ce. "Kul, kada ki ja wa 'yar mutane da bakinki."

Abin da ya dami Sauda shi ne, ƙofar gidansu tana bakin hanya, kuma a nan yara ke wasa. Idan Shitu ya dawo, ba ya sauka ya duba. Oda yake dannawa sau biyu, yara su watse, ya juya motar ya shigo da baya har gindin darbejiya. Duk direbobin ranar kasuwa haka suke yi.

Ran Laraba da hantsi, ranar da ake sa ran dawowarsa, Turai tana zaune a tsakar gida ta juya baya, tana cika gwangwani da ɓawon gyaɗa. Sauda ta ɗauko rakodar. Ba ta ajiye ta a ƙasa ba, don kada ƙasa ta kai wa yarinyar motsin. Ta riƙe ta a ƙirji, ta tsaya taku huɗu daga bayanta inda inuwarta ba za ta kai ba, ta murɗa sauti har ƙarshe, ta danna.

Muryar Baturen ta cika gidan. Kaji suka tarwatse. Akuya ta fizgi igiya. Goggo ta fito da carbi a hannu tana salati: "Ke Sauda, lafiyarki kuwa?"

Turai ta ɗauki wani ɓawon, ta duba shi, ta jefa a gwangwani.

Sauda ta kira sunanta da dukan ƙarfinta, a kan waƙar. 'Yar ƙeyar nan mai kitso biyu ba ta motsa ba. Goggo ta bi idon Sauda da kallo, ta zauna a bakin turmi.

Sauda ta kashe rakodar. A cikin shirun ta jiyo odar mota daga wajen kwanar masallaci, sau biyu, da hayaniyar yara suna gudu. Turai ta miƙe da gwangwaninta ta nufi zaure, wajen yashin da take ɗiba kullum.

Taku uku Sauda ta yi ta cafke ta. Yarinyar ta tsorata, ta tsala ihu mara kan gado. Sauda ta saɓa ta a baya, ta ɗaure da zani tam, ta ƙara majanyi, ta fita ba mayafi, ta tsaya a tsakiyar filin da motar ke shigowa da baya, ta ɗaga hannu sama.

Shitu ya taka birki, ya leƙo. "Ke! So kike in take ki? Ba ki ji oda ba?"

"Ni na ji, Baban Turai," ta ce. "Ita ce ba ta ji. Kada ka kashe motar, asibiti za ka kai mu Kano."