Tsohon Filashin Baba Fosmasta

"Ɗauke kofin nan daga kan teburin, Injiniya. Sau nawa zan faɗa maka?"

Na ɗauke kofin shayin na ajiye a ƙasa, kusa da ƙafar kujera. Ni ba injiniya ba ne, buga takardu nake yi a wani ɗan shago bakin titi. Tun ranar da na cire masa takardar da ta maƙale a firinta Baba Fosmasta ya laƙaba mini sunan, har 'ya'yana suka ɗauka. Shekara tara ƙofarsa na kallon tawa a hawa na biyu. Ya yi shekara talatin da biyu a gidan waya kafin ya yi ritaya, kuma bai daina tara adireshin mutane ba. Daga littafi dai suka koma kwamfuta.

Ran Asabar ɗin nan ko takalmi ban sa ba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. 'Yarsa ce ta aiko masa da sabuwar waya. Zai ba Mama, matarsa, tsohuwar wayar, sai ya zauna ya goge sunayen da ke ciki kaf, bai san wayar a haɗe take da imel ɗinsa ba. Da ya kunna kwamfuta da safe, wayam.

"Mutum ɗari huɗu da sha biyu, Injiniya," ya ce yana nuna allon. "Na kwana da jama'a, na tashi maraya."

Daga kicin Mama ta ɗaga murya. "Ai sai da na ce ka bar mini sunayen, ba cizo suke yi ba."

"Ki ji da tukunyarki, mu ji da kimiyya."

Kwamfutar ta tsufa, amma ta fi tawa ta shago lafiya. Ya ɗora ta a kan katako don fankarta ta sha iska. Duk Asabar sai ya share tsakanin madannan da wani tsohon burushin fenti. Bai taɓa fizge wayarta daga bango ba, sai ya kashe ta a tsanake ya jira hasken ya ɗauke, sannan ya rufe ta da mayafi. Ƙarshen kowane wata kuma ya kwafe komai ya zuba a filashi. Na sha yi masa dariya a kan haka.

Ya jawo gwangwanin alewa daga durowa ya buɗe. Filashi bakwai ne a ciki, kowanne an naɗe shi da filasta an rubuta kwanan wata da biro. Ya miƙo mini na watan jiya.

"Yau wa ke dariya?"

"Kai, Baba."

Na soka filashin, na nemo fayil ɗin adireshi, na shiga imel ɗinsa na ce a ɗauko su daga can. Ko minti biyu ba a yi ba sunaye suka cika allon. Ya tafa hannu kamar yaro, ya leƙa ta kafaɗata yana karantawa. Tsofaffin abokan aiki, surukai, likitan ido, mai gyaran famfo.

Na miƙe zan tafi shago, sai ya dafa ni na koma na zauna. Ya sa yatsa ya tono wani shuɗin filashi daga ƙasan gwangwanin. Filastar jikinsa ta yi baƙi, rubutun ya kusa gogewa.

"Sa wannan ma."

"Baba, wannan ya fi shekara goma. Kowa zai fito sau biyu."

"Bari su fito." Ya rage murya, ya dubi ƙofar kicin. "Akwai wanda babu shi a sabon. Ni na goge shi da hannuna."

"Wane ne?"

"Sa dai tukuna. Kuma ka fara duba shi, kada ya shigo mini da ƙwayar cuta."

Ya koma ya zauna a kujerarsa mai hannu, a bayana. Filashin na da nauyin aiki, sai da na jira. Ina jira ina ba shi labarin wata mata da ta kawo mini kwamfuta kyankyasai sun yi gida a ciki. Na ji ya yi dariya. Can na ji wani sauti kamar zai gyara murya, ban waiga ba. Idona na kan allon.

"Yawwa, sun shigo. Baba, zo ka nuna mini shi."

Shiru.

"Baba?"

Na juya. Yana zaune yadda na bar shi, hannayensa a kan hannun kujera, kansa ya ɗan karkata. Gilashinsa ya zamo zuwa ƙarshen hanci. Wallahi na ɗauka wasa yake yi mini, har na yi murmushi. Na taɓa gwiwarsa, hannunsa ya sulale ya faɗi.

Ban san da wace murya na kira Mama ba. Ta fito da tawul a hannu, ta tsaya bakin ƙofa.

"Malam? Malam, ka daina mana." Ta matso ta riƙe fuskarsa. "Yanzu fa yake tsokanata. Injiniya, yanzu fa."

Na sauka da gudu, na buga ƙofar nas ɗin da ke hawan ƙasa. Ta hau babu takalmi. Muka kwantar da shi a kan tabarmar ɗakin, ta durƙusa tana danna ƙirjinsa tana ƙirgawa, gumi na ɗiga daga haɓarta. Mijinta ya tayar da mota. Mu huɗu muka sauko da shi ta matattakalar da ya hau da ƙafarsa da safe, da jarida a hammata.

A asibiti likita bai daɗe a ciki ba. Ya fito ya cire abin awon da ke kunnensa, ya ce zuciya ce, kuma tun a gida ta tsaya. Mama ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," sau ɗaya, ta zauna a kan benci tana kallon bango. Ni kuwa sai na ji wani abu na sukar tafin hannuna. Na buɗe, murfin shuɗin filashin ne. Da shi na ɗauki mutum, da shi na shiga mota, ban sani ba.

Da rana gidan ya cika. 'Yarsu na hanya. Mama ta sa aka kira ni ciki, idanunta a bushe.

"Mutanensa suna cikin abin nan. Ni ban iya ba. Ka sanar da su."

Kwamfutar na kunne yadda muka bar ta. Na zauna, na jawo linzamin kwamfutar. Sai na gaya mata abin da ya ce game da wanda ya goge.

Ta dube ni. "Haka ya ce?"

"Haka ya ce, Mama. Bai kai ga faɗin sunan ba."

Ta jawo kujerar roba ta zauna kusa da ni. Na haɗe sunayen da suka maimaitu, muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ba mu yi nisa ba ta ɗora yatsa a kan allon. Kalma ɗaya ce: Auta.

"Ƙaninsa ne," ta ce. "Uwa ɗaya uba ɗaya."

Shekara tara ina shiga gidan nan ban san yana da ƙane ba.

"Yana aiki a nesa lokacin da mahaifiyarsu ta kwanta ciwo. Malam ya rubuta masa sau uku, ya ce zai zo, zai zo. Ya iso bayan kwana biyar da rasuwarta. A bakin ƙofa Malam ya tare shi ya ce ba shi da ƙane. Shekara sha ɗaya ke nan, ko sunansa ba a ambata a gidan nan." Ta rufe baki da tawul ɗin da har yanzu ke hannunta. "Shekara arba'in muna tare. Me ya sa bai gaya mini ba? Me ya sa yau?"

Na aika wa kowa sanarwa, ban da Auta. Shi Mama ta ce a rubuta masa daban. Ta faɗa, ina bugawa: yayanka ya rasu yau da safe, yana zaune yana jiran a dawo masa da adireshinka. Na ce mata ba lallai adireshin na aiki ba har yanzu. Ta ce in tura.

Ba mu tashi daga wurin ba amsa ta shigo. Lambar waya ce, sai layi ɗaya: "Yaya? Wane Yayan? Don Allah ku kira ni."

Muka kira shi. Kwana uku Auta ya yi a hanya, bai samu jana'iza ba. Ina saukowa zan tafi shago na gan shi a matattakala da ƙaramar jaka, sai da na dafa bango. Tafiyar iri ɗaya da ta Baba, kunnuwan iri ɗaya, tsawo kawai ya fi shi.

Ya daɗe a wurin Mama. Bayan nan ta aiko a kira ni, wai yana so ya gani da idonsa. Na kunna masa, na nuna masa sunan. Ya ƙura masa ido. Sannan ya tambaye ni yadda ake gangarawa ƙasa, na ɗora masa yatsa a kan linzamin.

Ya fara bin sunayen a hankali, yana karantawa ƙasa-ƙasa.

"Wannan ajinmu ɗaya. Ya rasu." Ya gangara. "Wannan ma ya rasu, tun ina nan. Ka ga Yaya bai goge shi ba."

Na fito na ja ƙofar, ban rufe ta duka ba. Ta tsagar ina hango shi ya sunkuya kusa da allon, leɓunansa na motsi, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan ƙeyarsa.