Shanyar Inna

Ɓurɓushin totuwar masara ne a bakin ƙofa, ya yi layi har tsakar gida. Auta ta tsallake shi ta wuce, sai kuma ta tsaya cak. Ɗakin ajiyar a wangale yake.

A ɗakin nan take noman naman kaza, wato lemar kwaɗi irin wadda ake ci. Ta daka totuwa, ta haɗa da ɓawon gyaɗa, ta turara a duro, ta ɗura a ledoji, ta zuba iri, ta jera su a duhu. Karon farko duk ya ruɓe. Yayanta, mai ɗakin, ya ce idan wannan ma bai yi ba zai kulle abinsa ya zuba kayan shago. Tun daga nan zama ya gagare ta. Ta leƙa, ta fito, ta ɗauki cokali, ta ajiye, ta sake leƙawa. Sai a makon nan farin saƙar da take jira ta mamaye ledojin. Yau kaɗai ta fita sayo abin feshin ruwa.

Ga ledojin can a kan tabarma, reras, rana na dukansu.

"Kin dawo?" Inna ta fito tana goge hannu. "Kayanki sun yi fumfuna, fari fat! Tun hantsi na shanya miki. Bayana har yanzu bai miƙe ba."

"Inna, farin nan shi ne shukar!"

"Ni za ki koya wa fumfuna? Ko barkono ne ya yi haka, rana ake ba shi."

Auta ta durƙusa ta taɓa ɗaya. Zafi rau. Ta taɓa wata, ta koma kan ta farko, ta miƙe, ta rasa inda za ta fara. Na gefen katanga ne kawai, inda inuwa ta rufe, suke da ɗan sanyi.

"Rana kashe shi take," in ji Auta.

Inna ta dubi ledojin, ta dubi 'yarta, hannunta ya tsaya a jikin zani.

Nan Yaya ya yi sallama, yana kaɗa sabon kwaɗo a yatsa.

"A'a, manomiya! Yau girbi ake, ko gashi? A ba ni ɗakina tun da girma."

Inna ta cire mayafinta, ta tsoma a bokiti, ta lulluɓe na gefen katangar. Ta rungumi biyu a ƙirji kamar tagwaye, ta nufi ɗakin, tana ɗingisa ƙafarta mai ciwo.

"Auta, a ina suke zama? Sama ko ƙasa? Faɗa mini, kada in sake."

"Ƙasa, Inna. Can lungu."

Suka yi ta kai da kawo, suna karo da juna a bakin ƙofa. Yaya ya matsa ya ba su hanya, ya sake matsawa. Ya daɗe yana kallon ruwan ledojin da mayafin ya jiƙa yana ɗiga a ƙafar mahaifiyarsa. Sannan ya zura kwaɗon a aljihu, ya juya a hankali ya fice.