Allon Ruwan Sama na Magagi

Magagi ya danna ordinatar, wato kwamfuta, sai allon da ke rataye a bakin rumfarsa ya kama da jajayen fitilu: DAMANA 32. Manoman da suka cika bakin kasuwar Filinge suka ɗauki sowa. Ruwa ya sauka a ƙauyen Damana, milimita talatin da biyu, ya isa shuka gero.

Ina tsaye a baya, hannuwana cikin aljihu.

Magagi taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Aji huɗu ya yi ya gudu gyaran rediyo. Ni na gama lise, babbar sakandare, shekara uku ke nan ina zaman benci. Shi ya tsinto ƙananan fitilu daga matattun tocila, ya jera su a jikin katako, ya lanƙaya musu waya, ya ja ta zuwa tsohuwar ordinatar da wani malami ya yar. Kowace safiya masu kwalbar auna ruwa a ƙauyuka suna buga masa waya, shi kuma ya rubuta, allo ya nuna wa kowa.

"Mushe Ibrah!" ya ƙwala mini kira, yana kwaikwayon yadda ake kiran malami da Faransanci. "Taho ka riƙe min wagga waya, ko digirinka bai kai nan ba?"

Aka yi dariya. Wasan taubasai ne, na sani. Na riƙe wayar. Har Bintu, wadda nake zuwa zance wurinta, ta ce, "Wallahi kan Magagi ba irin namu ba ne."



* * *

Lokacin soja ne. 'Yan bindiga sun addabi daji, an kuma yi shela cewa duk wanda ya ga abin da bai gane ba ya kai rahoto. Na gane allon sarai. Duk da haka na tafi wurin sojoji.

"Sunayen ƙauyuka da lambobi," na ce wa mai kakin da ke bakin tebur. "Kullum ana kiransa daga daji. Ni dai ban ce komai ba ne, amma ku duba."

Na ɗauka za su tsorata shi, su sauke allon, shi ke nan. Da hantsi suka zo. Suka fizge wayoyin, suka jefa ordinatar a bayan mota. Magagi yana ta cewa, "Ruwa ne, ranka shi daɗe, ruwan sama ne!" Da ya hango ni sai fuskarsa ta saki.

"Ibrah, kai ka iya Faransanci, yi musu bayani!"

Na duƙa kamar ina gyara takalmi.

* * *

Kwana tara yana tsare. Gwaggo Hawa, uwarsa, ba ta yarda kowa ya kai masa abinci ba sai ni.

"Kai ne ɗan'uwanai," ta ce. "Kai ka san yadda ake magana da su."

A rana ta goma mai gadi bai karɓi kwanon ba. Ya ce an wuce da shi Yamai tun da safe, bai san ko wane gidan kaso ba, kada in ƙara zuwa.

Na tsaya a titi da tuwo mai zafi a hannu. Na so in koma ciki in ce ƙarya na yi. Na kai har bakin ƙofa, na tuna motar da ta ɗauke shi, na juyo.

A bayan makarantar firamare na zauna na cinye tuwon. Miyar kuka ce, ta sa masa man shanu da yawa.

Gwaggo tana bakin zaure tana jirana. Ta karɓi kwanon, ta buɗe, ta shafa cikinsa da yatsa.

"Alhamdu lillahi, yau ya ci da kyau," ta ce. "Gobe in ƙara mishi?"

"Ki ƙara," na ce.