Gurbin Mai Rijiya

Kwamfutoci biyu aka jera a kan teburin kulob ɗin matasa na Mai Wurno a ƙasar Sudan, tsakaninsu butar jabana, gahawar mutanen can, tana tururi. Dattawan lajna, wato kwamitin ƙungiyar garin, sun zauna a kan benci, sun jingina sandunansu da bango. Ƙungiyar zumunta ce ke son shafin intanet da za a zuba sunayen gidajen garin da asalinsu, domin dangin da aka baro a ƙasar Sakkwato su riƙa nema suna samu. Mutum biyu suka kawo aiki, ɗaya za a ɗauka.

Hisham ya zo daga Khartum da manhajar kamfanin da yake wa aiki, mai launi kamar sabon zane. Zamzam, 'yar gwaggonsa, wadda ta karanta kwamfuta a Wad Madani, ta haɗa nata da kayan da kowa ke iya saukewa kyauta ya buɗe cikinsu ya gyara. Shafinta fari ne fat, babu ado. Ta ga yadda idanun dattawan suka liƙe wa na Hisham, amma ko gezau ba ta yi ba. Ta san kowane layi na abin da ta rubuta.

"Taubashiya, wannan shafi ne ko likkafani?" in ji Hisham.

"Naka kuwa amarya ce ta aro. In masu ita suka zo, sai ka tuɓe mata kayan."

Malam Abdussalami, shugaban lajna, ya ɗaga hannu. "Halas, ya isa haka. Mu ba mu san cikin injin ba. A kira mutum ɗaya a shigar da gidansa mu gani."

Aka kira Hajiya Hadizatu, kakar Hisham da Zamzam, wadda ta fi kowa sanin mutanen farko. Ta shigo tana dogara sanda, ta dubi Hisham ta ce, "Angona, ka dawo ba ko turare?" Aka yi dariya. Ya matsa mata kujera kusa da kwamfutarsa.

"Habboba," ya ce, kamar yadda jikoki ke kiran kaka a can, "za mu fara da mahaifin marigayi Kaka, wanda ya taho da ƙafa daga ƙasar Sakkwato. Ya sunansa?"

"Mai Rijiya."

"Sunansa na yanka nake nufi."

Tsohuwar ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. "Surukina ne fa. Kai ba ka da kunya, ni ma ka ɗauka ba ni da ita?"

Dattawan suka gyaɗa kai. Babu wanda ya yi mamaki. Matsalar kawai, duk waɗanda suka taɓa kiran mutumin da sunansa sun riga mu gidan gaskiya. Garin nan kaf da Mai Rijiya aka san shi, domin shi ya haƙa ta farko a unguwarsu.

Hisham ya rubuta Mai Rijiya a gurbin farko ya danna. Allon ya yi ja. Manhajar tana son suna huɗu cif, na mutum da ubansa da kakansa da kakan ubansa, kamar yadda ake yi a ofisoshin gwamnati, in ba haka ba ba ta wucewa.

"Abu mai sauƙi," ya ce. "Sai mu cike sauran da Muhammadu."

"In ka yi haka," in ji Malam Abdussalami, "rabin garin nan zai zama Muhammadu ɗan Muhammadu ɗan Muhammadu. Wa zai gane nasa?"

Hisham ya fita bakin ƙofa ya kira kamfaninsu. Zamzam tana jiyo shi yana Larabci, muryarsa na hawa tana sauka. Da ya dawo bai ɓoye komai ba. "Sun ce manhajar a rufe take, ni ma ba ni da ikon taɓawa. Za su duba a sabon fitowa, wataƙila baɗi."

"Baɗi," in ji Hajiya Hadizatu. "Allah Ya kai mai rai."

Zamzam ta juyo da tata kwamfutar. Ita ma ta sa gurbi huɗu, don kuwa haka aka koya musu a makaranta, kuma ta faɗa musu hakan. Sai ta buɗe bayan shafin, rubutu ya fito baƙi ƙirin kamar tururuwa. Ta cire tilas ɗin da ke kan sunayen. Ta ƙara sabon gurbi a rumbun bayanan, ta sa masa "yadda ake kiransa a gida". Kafin jabanar da aka zuba wa Malam ta huce, ta ce, "Habboba, sake faɗa."

"Mai Rijiya. Daga Gwadabawa ya taso."

Sunan ya shiga. Ta rubuta kalmar rijiya a wurin nema, ya fito shi kaɗai.

Malam Abdussalami ya daɗe yana kallon allon. "Yarinya, abin da kowa ke iya buɗewa, ba gida ne marar ƙofa ba?"

"Malam, tsarin ginin ne a buɗe. Makullin gidan yana hannun lajna. In na tafi Sinnar ko na mutu, duk wanda ya karanta abin zai iya ɗorawa. Ko Hisham ma, in ya dage."

"Ji ta!" in ji Hisham, amma ya riga ya matso yana leƙen layukan.

Dattawan suka yi ƙus-ƙus kaɗan. Malam ya ce nata za a ɗauka.

Zamzam tana naɗe wayar wuta Hajiya Hadizatu ta kama mata hannu. "Ki ƙara wuri na garuruwan da suka yada zango a hanya. Ya yi damina uku a Abeshe, danginsa na can ba su san Gwadabawa ba. Kuma na faɗa wa maƙwabciyata Huseina da matan unguwarmu, suna tafe bayan la'asar, kowacce da nata surukin."

Hisham ya rataya jakarsa yana murmushi. "Mu kamfaninmu ƙarfe uku yake rufewa, taubashiya. Naki fa?"

Zamzam ta warware wayar ta mayar da ita jikin bango, ta ja kujera ta zauna.