Sai Kowa Ya Ƙoshi

Tun daga bakin ƙofa Doña Eufemia ta tsaya cak, ta karkata kai kamar wadda aka kira sunanta daga nesa. Masu jita uku suna kiɗa a tsakanin tebura, ƙamshin baƙar miyar nan ta mole ya cika wurin, amma duk ba su ne suka tsayar da ita ba. Wani ɗan sauti ne daga can ƙuryar tsakar gidan abincin, taf, taf, taf, hannuwan mace suna faɗaɗa kwaɓin masara.

"Mama, taka a hankali, akwai matakala," in ji Herlinda, babbar 'yarta, tana riƙe da gwiwar hannunta.

Tsohuwar ta dube ta da fara'ar da ake yi wa baƙo. "Na gode, baiwar Allah."

Wata huɗu ke nan tana kiran 'yar cikinta baiwar Allah. Herlinda ta saba da wannan, ko dai tana cewa ta saba. Ƙin cin abincin ne ya gagare ta. Tun ranar da tsohuwar ta bar gas a kunne ta fita neman mijinta da ya daɗe a kabari, Herlinda ta ɗauko ta zuwa gidanta, ta sa wa kicin kwaɗo, ta riƙa kai mata abinci har gado a kan faranti mai furanni. Cin ya yi ta raguwa, har yau kwana shida in ban da kurɓin ruwa babu abin da ya wuce maƙogwaronta. Ranar Juma'a likita ya faɗa ba tare da kwana-kwana ba: in ba ta ci ba zuwa Litinin, za a kwantar da ita a sa mata roba ta hanci.

Ga shi kuwa shekara tara da suka wuce, ranar da suka fito daga asibiti da gawar babansu, wanda ya yi wata guda da roba a hanci da hannuwa a ɗaure da gado, Eufemia ta damƙe hannun Herlinda ta ce, "Ni dai kada ki bari a yi mini haka." Herlinda ta yi alkawari. Uwar ta manta da maganar, 'yar ce take kwana da ita take tashi da ita.

To mu mutanen Atlixco, in abu ya fi ƙarfinmu, coci muke fara kai shi, in an taso kuma mu kai shi gaban abinci. Shawarar Crescencio ce, ƙanin Herlinda, wanda kowa ke kira Chencho, direban babbar mota mai tumbi da saurin hawaye. Ya ce a kai Mama gidan abincin Don Abundio, inda babansu ke kai su sau ɗaya a shekara, ranar bikin waliyyiyar da ta ci sunanta.

"Yaya, ki bar mini wannan," ya ce yana jan kujerar kan tebur, ta manya. "Duk wanda ya ga molen gidan nan bai ci ba, a je a auna shi, ya mutu bai sani ba."

"Kai dai faɗi gaskiya, cikinka ne ya kawo mu," in ji matarsa Nieves. "Tun a coci nake jin yana amsa addu'a."

Aka zaunar da tsohuwar a kujerar, aka ɗaura mata farin ƙyalle a wuya. Chencho ya yi odar kusan duk abin da ke gidan, kamar mai aurar da 'ya. Aka kawo naman talotalo kwance cikin baƙar miya an barbaɗa masa riɗi, da shinkafa ja, da wake, da barkono mai ciki cike da cuku, da tulun zoɓo yana zufa. A tsakiya aka ajiye kwandon tortiya, gurasar masarar nan tamu, a lulluɓe. Chencho ya miƙa hannu, Herlinda ta buge shi.

"Babu wanda zai taɓa komai sai Mama ta fara."

"Haba Yaya, ko ɗanɗano?"

"Ko ƙamshi ka shaƙa da yawa sai na ji dalili."

Ta yanko tsoka mai laushi, ta dangwala a miya, ta kai bakin uwar. "Mama, ɗan buɗe. Kin ga ni ma ban ci ba. Wallahi ba zan sa komai a bakina ba sai kin ci." Kullum haka take faɗa mata, kuma ba ƙarya take yi ba, siket ɗinta ma yanzu sai da fil yake zama.

Eufemia ta kau da kai a hankali, cikin ladabi. Ta dubi farantin Chencho, babu komai. Ta dubi na Nieves, ta dubi na Herlinda. Sai ta miƙa hannu ta gyara lulluɓin kwandon tortiya don kada su huce, ta harɗe hannuwa a cinya, ta zauna tana jira. Su ma suka zauna suna jira. Miya ta fara yin fata a sama. Chencho ya kira masu jita ya ce su yi wa Mama waƙar da Baba yake so, suna farawa shi ne ya fashe da kuka, tsohuwar kuwa ko a jikinta.

Herlinda ta ajiye cokalin ta jingina. Ta gaji, gajiyar da ta wuce barci. A sama an rataye takardu masu launi a kan zare daga bango zuwa bango, rana tana ratsa su, ja da kore da ruwan ɗorawa suna yawo a kan zanen tebur, suna hawa hannun uwarta suna sauka. Can bayan rufin, dutsen nan namu mai aman wuta yana fitar da hayaƙinsa fari, ba ya sauri. Kiɗan ya yi nisa, maganganun mutane suka zama kamar ana yin su a ƙarƙashin ruwa. Taf, taf, taf ɗin nan kaɗai ya matso kusa.

Sai ga ta 'yar shekara bakwai, zaune a ƙasan kicin ɗin tsohon gidansu, ƙafafu a miƙe. Chencho yana gefenta da majina. Baba yana kan benci, hularsa a gwiwa. Hayaƙin itace yana bin hasken da ke shigowa ta ramin kwanon rufi. Tortiya tana tasowa daga kasko da zafinta, ta sauka a hannun Baba, wata ta sauka a na Chencho, wata a nata, tana jujjuya ta daga tafi zuwa tafi tana hurawa. Mama tana tsaye ta ba su baya, dogon kitsonta yana lilo. Herlinda ta so ta ga fuskarta, ta leƙa ta nan, ta leƙa ta can, baya dai take gani.

"Yaya! Yaya, ina Mama?"

Ta buɗe ido. Kujerar kan tebur babu kowa, farin ƙyallen yana ninke tsaf a gefen faranti. Nieves ta je wanke hannu, Chencho kuma ya dunƙule fuska a cikin hankici, tsohuwa ta sulale ba wanda ya gani.

A ƙuryar tsakar gidan suka same ta, ƙarƙashin 'yar rumfa, inda faffaɗan kasko ke kan wutar itace. Matar da ke aikin wurin, wata gajera mai furfura da ake kira Otilia, ta matsa gefe ta ba ta wuri. Eufemia ta riga ta naɗe hannun riga, ta tsoma yatsu a ruwa, ta gutsuro kwaɓi.

"Mama! Wuta ce fa!" Herlinda ta yi kanta a guje.

Otilia ta tare ta da hannu mai gari. "Ƙyale ta, 'yata. Dubi hannun nan da kyau. Wannan ta fi ni sanin wuta."

Herlinda ta duba. Hannuwan da ba sa iya ɓalle maɓalli, waɗanda ke rawa in sun riƙe kofi, ga su suna tafi a tsanake, kwaɓin yana faɗi yana zagayewa a tsakaninsu. Ta shimfiɗa shi a kasko, ta jira, ta juya da ɗan yatsa, ta sake juyawa, ta ɗan danna tsakiya. Tortiyar ta ja numfashi ta kumbura tim.

Eufemia ta dubi ta Otilia da ke gefe a kwance, ta girgiza kai. "Ke yarinya, taki ba ta tashi ba. Wa zai aure ki a haka?"

Otilia ta tuntsire da dariya har tana riƙe ƙugu. "Doña, jikokina biyar! Ashe sa'a na ci." Ta juyo wurin Herlinda ta rage murya. "Tun ɗazu nake kallon teburinku. Ba ta ci, ko?"

"Kwana shida."

"Ku kun ci?"

"Ta yaya za mu ci ita ba ta ci ba?"

Otilia ta yi mata kallon da ake yi wa mai ilimin da bai san hanyar gidansu ba. "Ayya. Kun ɗora ta a kujerar manya, kun sa mata ƙyalle kamar bishop, kun zuba mata ido da faranti wayam a gabanku. Ke, a gidanku kin taɓa ganin ta ci kafin ku? Mu masu kasko ba ma ci a zaune, ba ma ci da fari. Sai mai gida ya ture faranti, sai yara sun ce sun ƙoshi, sannan mu kankare abin da ya rage a kwano. Uwata haka ta yi har ta mutu. Wannan ta manta sunanku, amma ba ta manta wannan ba."

Herlinda ta buɗe baki za ta ce ai a nan gidan ma Mama takan ci tare da su duk shekara, sai maganar ta maƙale. Ta tuna. Mama tana yayyaga wa Chencho nama, tana goge wa Baba miya a riga, tana naɗe nata a ƙyalle ta ce sai an je gida. Shekara da shekaru suna kawo ta cin abinci, ba wanda ya lura ba ta ci. Kunya ta kama Herlinda, da wani baƙin ciki mai nauyi, ta ga wata huɗun nan duka: ita tana rantsuwa ba za ta ci ba sai uwar ta ci, uwar kuma tana jiran wannan baiwar Allah mai rama ta ƙoshi tukuna.

"Chencho," ta ce, "jawo teburin nan kusa. Ka zauna ka ci."

"Da gaske, Yaya?"

"Ka ci kamar yadda ka saba, ba kunya ba tsoron Allah."

Aka jawo teburin har bakin rumfa. Don Abundio ya leƙo zai yi magana, Otilia ta harare shi, ya koma. Tortiya ta fara tasowa daga kasko. Ta farko Eufemia ta riƙe ta tana waige-waige, tana neman mai hula a gwiwa. Da ba ta gan shi ba sai ta miƙa wa Chencho. Ta biyu Nieves. Ta uku ta sauka a hannun Herlinda, da zafin da ya sa ta jujjuya ta daga tafi zuwa tafi tana hurawa. Ta yaga, ta dangwali miyar da ta huce, ta kai baki. Sai a lokacin ta san irin yunwar da take ji. Tana ci hawaye na zuba a cikin miyar, ba ta tsaya share su ba, ga wata tortiyar ta iso.

Launukan takardun nan suka gangara daga tebur suka hau bango. Masu jita sun zauna a inuwa suna shan zoɓo. Chencho ya kwance bel, ya yi gyatsa, ya ture faranti da ƙarfi yadda za a ji. "Kai, Mama, na ƙoshi! Ko ɗaya aka ƙara mini sai dai a ɗauke ni a mota." Nieves ma ta ture nata. Herlinda ta suɗe yatsu, ta tashi ta je ta tsaya kusa da rumfar.

Eufemia ta kankare gefen kwanon da yatsa, ta tara ɗan kwaɓin da ya rage. Tortiyar ta fito ƙarama, gefe ɗaya a karkace. Da ta gasu ta barbaɗa mata gishiri, ta murza ta a tsakanin tafuka ta zama siririya. Ta ɗaga ta, sai ta dakata.

"Baiwar Allah, yaran sun ƙoshi?"

"Sun ƙoshi."

"Chencho ba na jin sa, wannan ko a mafarki ci yake. Linda nake ji. Yarinyar nan in ba a sa mata ido ba, sai ta tura wa ƙaninta nata ta ce ta ci."

Herlinda ta ji sunanta na ƙuruciya a bakin uwar. "Ta ci. A gabana ta ci, har guda bakwai."

"Bakwai!" Tsohuwar ta yi 'yar dariya. "To madalla."

Ta juya wa teburin baya, ta fuskanci wuta kamar yadda ta saba. Herlinda ta taka a hankali ta zagaya ɗaya gefen kaskon, ta tsaya cikin hayaƙin. Shekararta hamsin da uku a duniya, ba ta taɓa ganin yadda uwarta ke tauna abinci ba. Ashe lumshe ido take yi.